Matakala Goma Sha Takwas Kafin Awo

Zuwa ga Autana,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu nan ƙalau muke. Na ce "mu" ne don sabo; ni ce dai, sai keken ɗinkina da agogon bangon da marigayi babanku ya bari. Yayarka ta leƙo ranar Asabar, ko mayafi ba ta cire ba, wai ta baro tukunya a wuta. Ƙafar kawunka ta yi sauƙi, har ya koma shago.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar ta fi ƙarfin bakina a waya. Ka tuna na'urar awon jinin da ka aiko, ka ce kullum da safe in auna, in rubuta a littafi, in turo maka. Makon farko ina turo 130 bisa 80, kai kuma sai ka maido mini da hoton babban yatsa, shi ke nan. Ran nan na sauko da shanya daga bene, ina haki na ɗaura abin a dantse, ya nuna 165 bisa 95. Na turo maka, ko minti biyu ba a yi ba ka kira. Muka yi rabin awa muna hira, har ka ba takwarata wayar ta rera mini waƙar makaranta. To ɗan nan, uwarka ba ta yi boko mai zurfi ba, amma kanta na ja. Tun daga ranar, in shirun gidan nan ya ishe ni, sai in hau matakala goma sha takwas ɗin nan in sauko har sau biyu, in kora da shayi mai kauri, sannan in auna. Ban taɓa ƙirƙiro lamba ba, na dai gane inda ake samo ta.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka matsa in kai wa likita littafin, na kai. Ya duba, ya girgiza kai, ya ƙara mini ƙwaya. Kwana huɗu da fara sha, na miƙe daga kan keke zan ɗauko almakashi, sai ɗakin ya juya. A ƙasa na farka, goshina ya kumbura. Na yi kira, agogo kaɗai ke amsawa. Allah ya kawo maƙwabciya karɓar ɗinkinta, ita ta kai ni asibiti. Jinin ya faɗi har 90 bisa 55.

Wata nas mai kaifin baki amma mai kirki ta zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce lambar sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa ta tura shi, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki ta huta. Ƙasa da 120 bisa 80 lafiya lau, muddin bai faɗi irin nawa ba. Tsakanin nan da 140 bisa 90 a fara hattara. Daga 140 bisa 90 hawan jini ne matakin farko, daga 160 bisa 100 mataki na biyu, kuma ko ɗaya daga cikin lambobin ce ta haura, ita ake bi. In ya kai 180 bisa 120, ba jira, sai asibiti. Ta ce ba a yanke hukunci da awo ɗaya, kuma sai an zauna minti biyar, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu, ba shayi. Da ta tambaye ni yadda nake aunawa, wallahi kunya ta kashe ni, na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce nawa matakin farko ne, maganin da nake sha tun farko yana riƙe shi sarai, ni na ja aka ba ni na ciwon da ba ni da shi. An mayar da ni kan na da, jirin ya tafi.

Ka yafe mini tashin hankalin da na riƙa jefa ka ciki kana bakin aikinka. Ban kyauta ba. Kewarka ce kawai, Auta, ba wani abu ba.

Ka gaishe mini da surukata, Allah ya biya ta haƙurinta da kai. Ka gaishe da takwarata mai giɓi, da ɗan mijin nan nawa da ya ƙi aiko mini ko sabulu. Kawunka da yayarka suna gaisuwa.

Yau da safe na zauna yadda nas ta koya mini, ya nuna 128 bisa 78. Na yi mata alkawari ba zan ƙara hawa bene don kai ba. Saboda haka daga yanzu lambobi masu kyau za ka riƙa gani, in Allah ya so. Don Allah, wata rana ka kira ni a kansu.

Taka har kullum,
Mahaifiyarka