Sunan da aka liƙa wa gidanmu tun kakan kakana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya daɗe yana cin raina.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Korgom. Gidanmu ana kiran shi Gidan Mai Barci. Tun zamanin hare-hare, kafin Nasara su zo, wai an ɗora kakan kakana bisa itacen gawo ya yi gadin hanya, barci ya ɗauke shi, mahara suka shigo suka kwashe mutane da shanu. Daga ranar ba a sake ba ɗan gidanmu amana ba, ko akuya ba a bar muna kiwo. Babana in an tsokane shi dariya yake yi, har ya taya su. Ni ma haka na tashi, in aka aike ni na manta, sai a ce ai jini ne, sai ni ma in ce jini ne.

Da na tafi Mayahi inda ba wanda ya san ni, na samu aikin gardi, wato gadi, a wata mangaza ta ajiyar kaya. Shekara tara, ko allura ba ta ɓace ba. Can ne na san ashe ni mutum ne.

Bara na dawo gida saboda tsufan innata. Aka gina muna famfo, ana neman mai riƙe makulli, na ce ni zan iya. Maigari ya dube ni gaban jama'a ya ce, “Mu ba ka makulli, wa zai riƙa tashe ka?” Kowa ya yi dariya, har ƙanena.

Na koma na faɗa wa gwaggona, yayar babana. Ta ce, “Ba namu ba ne bisa gawon nan, ɗan maigarin lokacin ne. Namu baƙo ne, ba shi da kowa, aka ce ya ɗauki laifin a ba shi gona. Gonar da kuke nomawa ke nan.” Wata biyu bayan nan ta rasu, ba ni da wata shaida.

Abin da ya fi ƙona mani rai, tun dawowata na fara komawa yadda suke faɗi. Sallar da ta wuce surukina ya bar mani rago, ban ɗaure shi da kyau ba, ya ɓace. Ko faɗa bai yi mani ba, cewa ya yi laifin shi ne da ya manta gidan da ya kai.

In na fasa maganar gwaggo, za a ce ƙarya nake, wataƙila a taɓa gonar da mu goma sha ɗaya muke ci daga cikinta. In na koma Mayahi, wa zai kula da inna? In na zauna, ina ji ina gani nake lalacewa. Ku da kuke nesa ba ku san gidanmu ba, me zan yi?