Ashe Da Gaske Ne, Malama?

Yaya Bukar,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Falmata da yara? Mu nan Bolori lafiya lau.

Shugaban makarantarmu ya ce lokacin fiziks ya yi kaɗan, in zaɓi ɗaya: warware lissafi a allo ko gwaji a lab. Har na karkata ga allo. Sai jiya na rataye babban dutse da ƙarami a zare mai tsawo ɗaya, suka yi lilo tare, babu wanda ya riga wani. Ɗalibata Yagana, wadda ba ta taɓa faɗuwa wannan tambayar a jarrabawa ba, ta zaro ido ta ce, "Malama, ashe da gaske ne?"

To da me take zaton tana rubutawa, Yaya? In kai ne, wanne za ka ɗauka?

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa