Ni ne na ɓatar da sunan Inna Husaina daga jerin masu aikin ido

Gwaggo Balki, ki taimake ni don Allah, wata biyu ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Ni ɗan Lugu ne. Da na zo karatu Dogon Dutsi ba ni da kowa, mahaifiyar abokina Yazid, Inna Husaina, ita ta riƙe ni shekara bakwai. Yau ni da Yazid rubuta manhaja muke yi. Bana wata ƙungiya ta kawo likitocin cire yanar ido, ta ba mu aikin jerin sunayen marasa lafiya. Inna na cikinsu, don idonta ya kusa rufewa, ko zare ba ta iya sa wa allura.

Yazid ya rubuta ɓangaren karɓar sunaye da yaren Python, wanda duk abin da ka ba shi karɓa yake, ba ya tambaya. Ni na rubuta ɓangaren da ke nuna jerin a salular masu kiran mutane, da Kotlin, shi kuwa sai an faɗa masa nau'in kowane abu tun farko. Na ce masa gurbin haihuwa rana ce da wata da shekara. To kin san katin shaidar tsofaffinmu, « vers 1950 » ake rubutawa da Faransanci, wato wajen shekara kaza. Python ya haɗiye, Kotlin ya ƙi. Ranar gwaji manhajar ta yi ta mutuwa, ni kuma ina sauri, ban tsaya na duba dalili ba. Sai na ƙara layi uku a cikin manhajar: duk sunan da bai dace ba a tsallake shi, kada a ce komai. Jerin ya fito tsaf, har na yi wa Yazid ba'a cewa yarensa ba shi da tarbiyya.

Tsofaffi arba'in da uku ba a kira ba, yawancinsu daga Dumega. Inna ta yi kwana uku da mayafinta a kusa tana jiran kira. Yazid yana ce mata ta yi haƙuri, layi ne. Likitocin suka tafi.

Yazid ya ɗauka laifinsa ne shi kaɗai, tunda ɓangarensa ne ya karɓi « vers ». Ya rufe na'urarsa, ya koma shagon kawunsa. Bai san layukan nan uku ba, don na goge su. Jiya na je gaida Inna, ta shafa fuskata kafin ta gane ni, ta ce na rame, ta sa a zubo mini fura. Na fito ina kuka a kan babur. In na faɗa, zan rasa gidan da ba ni da kamarsa. In na yi shiru, ina kallon abokina yana ɗauke da kayana. Yaya zan yi?

Mai Nadama, Dogon Dutsi

Ɗana, na ji zafin da kake ciki, kuma ban ɗauke ka mugu ba. Ni ban san Kotlin ba, amma na san mai gadi. In ya hana baƙo shiga bai yi laifi ba, laifinsa shi ne ya ƙi faɗa wa masu gida cewa an zo. Yazid yana da nasa kason: ya san katin mahaifiyarsa, da kun zauna kun daidaita abin da zai ba ka da abin da za ka karɓa, da ba a kai nan ba. Tsallake sunayen kuskure ne na mai gaggawa. Goge layukan kuwa da saninka ka yi, kuma shi ne ke cin ka.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka je wurin Yazid cikin makon nan, kai kaɗai, ka nuna masa abin da ka rubuta da abin da ka goge. Kada ka fara da « mu duka mun yi kuskure », ka bar shi ya faɗi wannan da bakinsa in ya ga dama. Zai iya yin fushi, zai iya daina yi maka magana. Haƙƙinsa ne, ka jure.

Bayan nan ka kai wa ƙungiyar sunayen nan arba'in da uku a takarda. Ka gyara manhajar ta karɓi shekara kaɗai, duk sunan da ta kasa karantawa ta fito da shi a saman jeri, kuma ta riƙa faɗin nawa suka shigo, nawa aka nuna. Yanar ido ana cire ta ko an makara, saboda haka ka tambayi likita inda za a kai Inna, kada ku zauna jiran wata shekara.

Ita ma ka faɗa mata da bakinka. Ba zan yi maka alkawarin abin da za ta ce ba. Amma matar da ta buɗe maka ƙofa shekara bakwai ba ta tambaye ka ranar haihuwarka ba, ta cancanci ta san wanda ya bar ta tana jira. Allah ya buɗe idonta, ya sanyaya zuciyar Yazid, ya ba ka ƙarfin taka ƙofar gidan.

Gwaggo Balki