Kalmar da Ta Gaji a Bakina

Zuwa ga Mas'uda, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyata, farin watan da ke leƙowa ta bayan duwatsun Roni!

Bayan gaisuwa, har yanzu ina Gwiwa, ina yi wa Baturen likita tafinta a kan annobar sanƙarau. Ina cin abinci, ina salla, ina barci. Iyakar labarina ke nan.

An gaya mini kin koma gidan Baba a Kanya Babba, kin ce ba za ki dawo ba, domin ranar da aka binne ɗanmu na dube ki da busassun idanu na ce "sai haƙuri", kamar mai shela a kasuwa. Haka aka yi, sanyin idona. Amma kin san gida nawa na shiga na faɗi kalmar nan kafin mutuwa ta iso namu? Uwa nawa ta riƙe mini riga? Na faɗa a Roni, na faɗa a Babura, har bakina ya koyi faɗinta ba da sanina ba.

Likitan ya ji ta yi yawa, ya tambayi ma'anarta. Ya ce su ma suna da sunan irin wannan magana: haknid. Wai Hakni ƙauye ne kusa da Landan, inda ake kiwon dawakin haya. Kowa ya hau, kowa ya zabga bulala, ba mai tambayar ko dokin ya sha ruwa, har bayansa ya daina jin sirdi. Shi ya sa suke kiran duk maganar da aka more ba kula da sunansa. Ashe ba kalmar kaɗai aka yi wa haka ba.

Kin tuna kakar bara, kina ɓarar gyaɗa, ɗanmu yana kan cinyarki, ya cika bakinsa da ɓawo, muka yi ta dariya har maƙwabciyarmu Inno ta leƙo ta katanga? Wayyo, Mas'uda! Ina tunawa kamar labarin waɗansu mutane. Ina hawayena suka tafi? Wa ya ɗauke su?

Ba zan roƙe ki komai da baki ba, kurciyar zuciyata. Ki bar ni kawai in zo in zauna a ƙofar ɗakinki. Ki yi kukanki ina ji, ko Allah zai sa in koya daga gare ki.

Naki ni kaɗai, har ranar da za a kwantar da ni kusa da shi,

Lado