Baitin Baba a Bakin Jita

Tudun Wada, Zariya

Zuwa ga Mujahid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan kiɗanka. Na rubuto ne saboda ka daina ɗaukar wayata.

Ranar Talata ina cikin keke za ni Kwangila, direban ya ƙure wata waƙar rok, jita na kuka, ganguna kamar za su fasa kunne. Sai na ji muryarka: "Na share ɗakin nan kaf, masoyiya, gurbin tabarmarki kaɗai na bari." Tun ban kai ba na ce ya sauke ni.

Mujahid, baitin Baba ne. Bayan rasuwar Inna ya rubuta shi, kuma kana zaune a zaurenmu cikin ɗalibansa ranar da ya karanta. Inda ka ce "masoyiya", shi "Atika" ya ce. Ka cire sunan uwata, nasa kuma ba ka ambata ba. Ka fito ka faɗi mai baitin. Abin da nake nema ke nan.

Yayarka,
Rauda Nagoda

Abuja

Yaya Rauda,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Wallahi ba raini ba ne, hidima ce ta sha kaina.

Ban musa ba, a bakin Baba na ji. Amma Yaya, wa ya taɓa yin waƙa daga babu? Baba da kansa ya sha gaya mana rabin kalmominsa a bakin kakarsa ya tsince su, tana niƙa. Amshi kawai na ɗauka. Kari da kiɗa da sauran baitocin duk guminmu ne. Kafin yanzu wa ya san waƙen nan bayan 'yan zaure? Yau samari a Legas, waɗanda ko Hausa ba sa ji, suna rera shi.

An shigar da waƙar wata gasa, sharaɗin kuwa komai ya zama na mawaƙin. In na yi magana yanzu za a kore mu, ga Evans mai ganga har aikinsa ya ajiye saboda wannan. Ki bari a gama. Bayan nan zan zo in durƙusa gaban Baba, in sanar da kowa.

Ƙaninki,
Mujahid

Tudun Wada

Mujahid,

Ina amsa gaisuwa. Gaskiya ne Baba ya ɗauka a wurin kakarsa. Amma ka taɓa jin ya karanta baiti bai ce "wannan na Ishatu ne, Allah ya jiƙanta" ba?

Akwai abin da muka ɓoye wa mutane. Tun damina Baba ya fara mantuwa. Yakan fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai wani ya riƙo hannunsa. Jiya ya tambaye ni ko ni baƙuwa ce. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Har yanzu da safe hankalinsa kan dawo, ya kira sunana, wani lokaci har ya jawo baiti. Ka zo a irin wannan safiyar ka gaya masa. Roƙonka nake yi, ba faɗa ba.

Allah ya sa ka ji.
Rauda

Abuja

Yaya Rauda,

Gaisuwa mai yawa. Na san watanni sun wuce ban amsa ba. Ba mu ci gasar ba. Makon jiya na faɗi sunan Baba a rediyo. Wasu suna ta kirana ɓarawo, sauran ko a jikinsu. Evans ya kwashe gangunansa ya koma gida. Na ɗauki jita in rubuta sabon abu, ko layi ɗaya ya ƙi zuwa.

Ranar Asabar ina tafe, in kin yarda.

Mujahid

Tudun Wada

Mujahid,

Salam. Ƙofa a buɗe take, amma ba zai gane ka ba.

Shekaranjiya maƙwabta suka kunna waƙar. Ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Baba, naka ne, kai ka rubuta wa Inna." Ya dube ni ya ce, "Ni? Ina na iya wannan." Can ya kama hannuna ya ce, "Yaron nan rasuwa aka yi masa. Ku je ku yi masa gaisuwa."

Allah ya kawo ka lafiya.
Rauda