Lakar Gulbi a Motar Rauda

Argungu,
Laraba, 17 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Alhaji Hodi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, Ya kuma sa albarka a cinikinku na albasa a can Aba. Yaya ƙafar taka? An ce har yanzu kana wuni a tsaye a bakin tirela kamar saurayi. Ka rage, shekaru sun ja. Mu nan lafiya sai godiya. Ruwa ya yi yawa bana ma, amma gulbi bai haura gonarmu ta gado ba, shinkafa har ta fara fitar da kai. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalili kuwa, kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuma maganar da ke bakina ba ta son yankewa. Shi ya sa na rubuta na ba Kalilu direba ya kawo maka hannu da hannu. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga murya.

A kan ɗiyarka Rauda ne. Ranar da ka kira ta ina zaune kusa da ita, duk abin da ka faɗa na ji. Ka ce tun farko ba ka so tuƙin nan nata ba, ganganci da rashin ƙwarewarta ne suka kashe matar mutane, don haka ta ajiye makulli, ta ajiye aikin ungozoma, ta zauna gida. Ka san ta, ba ta taɓa tsallake maganarka ba. Ta rubuta takardar barin aiki, za ta kai ranar ƙarshen wata. Yaya, yarinyar nan ta rame kamar kara, ba ta ci, ba ta barci, ta yarda a ranta ita ta yi kisa. Alhali ba ita ba ce. Bari in faɗa maka yadda aka sayi motar, don abin da na gaya maka a lokacin ba shi ne gaskiya ba.

Ka tuna da aka tura ta ƙaramin asibitin ƙauyen nan na bayan Augie, kullum a bayan kabu-kabu, rana da ruwa, har ka tausaya ka aiko da kuɗin mota. Wata uku ta yi tana koyon tuƙi a Birnin Kebbi, ta karɓi lasisi. Ka ce ni in tsaya a madadinka wajen saye, tunda ni na raine ta tun rasuwar uwarta. Muka tafi Birnin Kebbi cikin bazara, muka ɗauki Matiyu bakanike, mutumin Filaton nan da ya fi shekara ashirin yana gyara a garin. Tun a hanya ya ce da Rauda sabon direba bai neman kyau. Ya nemi motar da ba ta shan mai, wadda kowane bakanike na bakin hanya ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ko a Augie a samu. Ya ƙara da cewa motar farko ta shan gogewa ce, sai ta sumbaci katanga biyu ko uku kafin hannu ya faɗa. Rauda ta yi ta dariya.

Motoci biyu ne kuɗin suka kai. Ta farko a unguwar Gesse, ta wani tsohon malami, ruwan toka, fenti ya koɗe, ƙofar baya ta loɓa, cikinta har warin awaki yake yi. Matiyu ya tayar da ita, ya kara kunne, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya ce mummuna ce amma lafiyarta ƙalau. Ta biyu wajen wani dillali, ja ce jawur, sheƙi kamar a lasa, ga sanyi ga kujeru masu laushi, kuma farashinsu kusan ɗaya. Wannan araha kaɗai ta isa ta sa mai hankali ya ja baya. Ni kuwa ina ganinta zuciyata ta tafi. Na hango Rauda ta shigo unguwa cikinta, matan da suka yi ta cewa rainon goggo ba ya albarka suna leƙe ta kan zana. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ke raina ke nan, ba hanyar Augie ba.

Aka kira Azahar, Rauda ta shiga wani gida yin salla, ya rage ni da Matiyu. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan jar motar, ya zura hannu can ƙarƙashin kujerar baya, inda mai wanki ba ya kaiwa. Ya zaro busasshiyar laka ya zuba mini a tafin hannu, har da ɓawon ƙaramar katantanwa a ciki. Ya ce, “Malama Laure, ke 'yar fadama ce, kin fi ni sanin wannan.” Na murza ta, laushi kamar gari. Na shinshina. Yaya, ni da kai a cikin lakar nan muka girma, da ita muke komawa gida a ƙafa duk ranar dashe. Lakar gulbi ce. Matiyu ya ce ambaliyar bara ta shanye motar nan har rufi, aka tsamo ta aka wanke aka fesa turare. Injin zai yi ta aiki, amma ruwa ya riga ya shiga wayoyin wuta, suna ruɓewa a hankali, wata rana za ta mutu ba sallama, kuma ba ita za ta zaɓi wurin ba. Dillali ya rantse ƙurar hanya ce. Aka kira Matiyu daga gareji, ya tafi yana jaddada mini in gaya wa Rauda, na ce to.

Na kakkaɓe hannuna a zane. Da Rauda ta fito ta tambaye ni abin da Matiyu ya ce, sai na ce ya ce duk biyun lafiya lau, zaɓi ya rage namu. Ita ma hankalinta ya fi kwanciya da ta tokar, ta ce ba za ta ji tsoron goge ta ba. Na hau ta da faɗa, na ce ma'aikaciya guda a motar awaki, so take a yi da mu a gari? Ta ce yadda Goggo ta gani. Na ce a raina ai bakanike ba ya rasa abin faɗa, in ta ɓaci a gyara. Haka na kira ka na ce an samu mai kyau, ka sa albarka.

Wata huɗu tana tafiya sumul, har na manta. Sai ranar Talatar nan, makonni uku da suka wuce, aka kawo musu Baiwa asibiti, matar Abbas, mai noman albasa. Ta haihu lafiya, namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. Rauda ta yi iya abin da ake yi a ƙaramin wuri, ta ga sai an kai ta Argungu an ƙara mata jini. Ba wata mota a ƙauyen sai tata. Ta kwantar da ita a baya, uwar mijin ta rungume jariri, suka kama hanya da tsakar rana. Sun yi kusan rabin tafiya motar ta ɗauke ɗif, ba ƙara ba hayaƙi. Ta murza makulli, ko ƙyas. Ta fito ta buɗe gaba, me ta sani a ciki? Waya ba sabis. Ta tsaya tsakiyar titi tana ɗaga hannu, ta koma tana danna cikin Baiwa, ta sake fitowa. Sun fi awa guda kafin wata a-kori-kura ta tsaya. Baiwa ta cika suna shiga gari. Shekararta ashirin da uku. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Kafin a yi sadakar uku magana ta zaga gari, wai sabuwar direba ce ta rikice ta kashe mota ta kasa tayarwa. Ita ma haka ta ɗauka, kullum tana lissafin abin da ta taɓa ba daidai ba. Ni kuwa na yi gum, ina ba ta haƙuri, ina cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kaico! Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma wannan ba ya wanke wanda ya gani ya rufe baki. Da aka ja motar zuwa garejin Matiyu, ni na je. Ya nuna mini wayoyin, sun yi kore shar, suna marmashewa a hannu. Ya ce ko wanda ya shekara talatin yana tuƙi ba zai tayar da ita ba. Bai tambaye ni komai ba, kallona kawai ya yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekaranjiya na gaya mata. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, na zauna gabanta na faɗa mata duka, tun daga lakar har ƙaryar. Ban rage komai ba. Ta ajiye faifan shinkafar, ta ce, “Goggo, ashe kin sani.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba kuka ba faɗa. Tun daga ranar tana gaishe ni da safe a ladabce kamar yadda ake gaishe da baƙuwa, abincinta kuma a ɗakinta take ci. Ka san Allah bai ba ni haihuwa ba, ita kaɗai gare ni, tun tana wata bakwai take bayana. Na san abin da zan rasa kafin in buɗe baki. Amma gara ta ƙi ni da ta ƙi kanta.

To ga roƙona, Yaya. Gaskiyar da na faɗa mata ba ta sa ta yaga takardar ba, don umarninka ne, kai kaɗai za ka janye shi. Ka kira ta kafin ƙarshen wata. Ka ce mata ka ji, ba laifinta ba ne, ta koma bakin aikinta. Ƙauyen nan ba su da wata ungozoma, kuma mata ba za su daina haihuwa ba don mu muna cikin baƙin ciki. In ta yarda ta sake kama sitiyari, Matiyu ya ce ta tokar tana nan ba a saya ba, wannan karon ku bar shi da ita su yi magana, ban da ni. Faɗan da ka tanada kuwa ka kawo mini, ni na ci bashinsa, ba zan kashe waya ba. Jibi Juma'a zan je gidan Abbas in faɗa masa abin da na faɗa maka, a gaban mahaifiyarsa, don laifin da aka ɗora wa Rauda ya san inda zai koma. Ban san da wane ido zan kalli jaririn ba.

Ka gaishe mini da matarka Sharifa, Allah Ya saka mata da alheri kan kulawar da take maka. Ka gaishe da Rabi'u da Nana Aisha, su dage da karatu. Mutanen gida duka suna gaishe ka. Rauda ba ta san na rubuto ba, don haka ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuma yanzu ba ni da bakin tambayarta. Ka sa Baiwa a addu'a. In zuciyarka ta sauko, ni ma ka sa ni.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Laure.