Ki Ce wa Amaryata Ta Girma a Hankali

Daga Kwatano, zuwa ga 'yata Asabe a Dogo-Dogo.

Assalamu alaikum. Ya jego, ya maigidanki Sharifu? Labarin haihuwarki ya iso gare ni, na yi ta murna har maƙwabta suka leƙo. Allah ya raya jikata Mubaraka. Da hannuna na rubuta wannan, karatun dare bai tafi a banza ba.

Ni lafiya lau, kada ki damu. Maganin cutar nan mai karya garkuwar jiki ban taɓa tsallake shi ba. Sai dai zaman gadi ya cinye mini damatsa. Rannan buhun shinkafar maigida ya gagare ni, a gaban idonsa. Likita ta ce magani kaɗai ba ya riƙe tsoka, sai ina tafiya ina ɗaga nauyi. Yanzu kowace safiya jarkar ruwa nake ɗagawa, abokan gadi suna kirana ɗan kokawa. Rabi nake zubawa, duk da haka hannun rawa yake yi.

Tsorona in zo da sallah, a miƙo mini Mubaraka, in kasa riƙewa. Ki ce wa amaryata ta girma a hankali, mijinta yana ƙoƙari.

Mahaifinki,
Maiwada